LAFIYA UWAR JIKI: Kai bai manta da rawa ba, gwiwa ce ta manta

Da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa bisa duwatsun Adar, sai ganguna su farka daga barcin damina. Lokaci ne na bukukuwan aure da na kokowa, lokacin tarbar manyan baƙi, kuma lokacin da shugabannin ƙungiyoyin wasannin gargajiya a Madawa da Buza da Keita ke bi gida-gida suna tattara ƴan rawarsu. Wannan tun faɗuwar ruwan fari bai taka rawa ba, gona ta riƙe shi. Wancan shekara biyu ya yi wajen bida a Abijan, bana ya komo. Waccan haihuwa ta yi. Ga kuma ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, sai yanzu aka maido shi gida, ya ji kiɗan da ya taka yana saurayi, zuciyarsa ta motsa. Duka sai a tara su fage guda, a ce saura kwana goma, a buga ganga.

A cikin irin waɗannan kwanaki ne gwiwoyi da idon sawu ke lalacewa. Sau da yawa kuma wanda abin ke faɗa wa gwani ne da ya daɗe bai taka ba. Sabon shiga tsoro na riƙe shi, yana ɗaga ƙafa a hankali domin bai san inda za ya aje ta ba. Gwani kuwa kansa ya riƙe kowane taku da kowane juyi, kiɗa na tashi sai ya yi tsallen da ya saba yi shekarun baya, da jikin da bai shirya ba. Targaɗen mako uku ga mai albasa a fadamar Tarka asarar ban-ruwa ce. Tsinkewar agara ga ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye zaman wata da watanni ne, kuma babu mai biyansa diyya.

Yadda bale ya zo ƙasar Adar

Kalmar bale baƙuwa ce. A fadojin ƙasar Italiya aka fara wannan rawa tun ƙarni na 15, ta ƙaura zuwa Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa majalisar gwanayen rawa a Paris a 1661. Can ne aka tsara mata ƙa'idoji, har ta zama rawar nan da mata ke tsayawa bisa ƙarshen yatsun ƙafa. A farkon shekarun 1950 wani ɗan ƙasar Gine, Fodeba Keita, ya kafa ƙungiyar Ballets Africains a Paris. Sunansa ya zo ɗaya da na garin Keita, amma babu abin da ya haɗa su. Ya ɗauki raye-rayen ƙauyukan Afirka ta yamma ya shirya su domin dandamali, kuma bayan Gine ta samu ƴancin kai a 1958 ƙungiyar ta zama ta ƙasa. Ta wannan hanya kalmar ta bazu cikin ƙasashe masu aiki da faransanci da ma'anar rawar gargajiya wadda aka tsara, mai labari, mai sahu-sahu, mai farko da ƙarshe.

A Nijar, zamanin marigayi Seyni Kunce ne bale ya samu gata. Bayan juyin mulkin 15 ga Afirilu 1974 aka farfaɗo da samariya, kuma daga 1976 aka shiga yin bukin matasa na ƙasa, inda ake gasar waƙa da wasan kwaikwayo da bale da wasannin motsa jiki. Sai ƙungiya ta yi nasara a ƙaramar hukumarta, ta yi nasara a Tawa, kana ta je ta kara da na sauran sassan ƙasa. An ga balen farauta, da na noma, da na haƙar rijiya, da na kai amarya. Da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan yau sun taka rawa a wancan fage. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta rasa matsayinta, ƙungiyoyi suka koma rayuwa da abin da ya samu: bukin wani attajiri, ziyarar wani babba, ko bukin 18 ga Disamba, kamar na 2017 da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola.

Nan ne bambancin yake. Ɗan balen Turai da ya riƙe rawa sana'a kusan kullum yana cikin horo, ranar hutunsa guda ce a mako. Kowace safiya, komai ƙwarewarsa, da ƙaramin abu yake farawa: ya dafa sandar da aka kafa jikin bango, ya lanƙwasa gwiwa a hankali, ya miƙe, ya zame ƙafa bisa daɓe, sai can ƙarshen darasi ake zuwa ga manyan tsalle. Ɗan balen Adar manomi ne, ko tela, ko ɗan lakwal, ko matar aure. Dogon hutu a cikin rayuwarsa yake, kowace shekara sai ya yi shi. Saboda haka sanin yadda ake komawa fage ya fi wajaba a kansa bisa ga Bature.

Abin da hutu ke yi wa jiki

Sassan jiki ba su mantuwa tare, ba su kuma farfaɗowa tare. Ƙwaƙwalwa ita ce mai riƙo: wanda ya iya hawan keke ko rawar takai, ko bayan shekara ashirin ya iya. Numfashi shi ne mai saurin gudu. Wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1984 ya bi wasu ƴan wasa da suka daina horo, ya tarar ƙarfin jikinsu na amfani da iska ya ragu da kashi 7 cikin 100 a kwana 21 na farko, ya kai kashi 16 cikin 100 bayan kwana 56. Mutumin da ke haki kuwa ba ya sauka daidai. Ƙafar da ta gaji ita ce ke gocewa, shi ya sa ƙarshen gwaji, lokacin da ake cewa a ƙara sau ɗaya, ya fi farkonsa haɗari.

Tsoka na raguwa, amma idan aka koma aiki takan dawo cikin makonni. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da waɗanda ke riƙe gaɓoɓi, su ne masu nawa, domin jinin da ke ratsa su kaɗan ne. Watanni suke so kafin su ƙarfafa. A mako na biyu ko na uku mai rawa yakan ji ƙarfi ya dawo masa, numfashi ya daidaita, cinya ta cika, sai ya ɗauka ya gama shiri, alhali agararsa na nan yadda hutu ya bar ta. Kowane tsalle kuwa, wajen sauka, nauyin da ke faɗa wa ƙafa ya ninka nauyin jiki sau da dama. Wanda ya ƙara kilo goma bisa kujerar biro ko cikin rumfar kasuwa sai ya lissafa da wannan ninki.

An ga haka a fili a Amurka a 2011. Rigimar kuɗɗi ta sa masu ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, wanda ake ɗauka da hannu, suka rufe wa ƴan wasa filayen horo daga Maris zuwa ƙarshen Yuli. Da aka sasanta, sai aka koma a gaggauce. Cikin wata guda ƴan wasa 12 agararsu ta tsinke, 10 daga cikinsu a kwana 12 na farko, alhali tsakanin 1997 da 2002 kimanin 5 ake samu a shekara. Waɗannan ƙarfafa ne masu likitoci da abinci na musamman, hutun wata huɗu da rabi ne kawai ya yi musu haka. Likitocin ƙashi sun san cewa wannan rauni ya fi samun maza masu shekara 30 zuwa 50 waɗanda ke wasa jefi-jefi. Mutum yakan ji kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya, ya waiwaya bai ga kowa ba. Daga nan sai ɗauri ko aikin tiyata, kuma da wuya a koma fage kafin wata shida.

Akwai hujjar da ake yawan ji: ai duk damina noma aka yi, jiki da ƙarfinsa. Gaskiya ne mai noma ya fi mai zama. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su bisa tsaunuka tun da aka fara aikin raya kwarin Keita a 1984, da kuɗɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ba su buƙatar a koya musu juriya. Sai dai kowane aiki da irin ƙarfin da yake ginawa. Hauya na ƙarfafa baya da damtse, ɗaukar kaya na ƙarfafa wuya da ƙugu, jan guga na ƙarfafa kafaɗa. Babu ɗaya cikinsu da ke koya wa idon sawu sauka daga sama, ko ke koya wa gwiwa juyi cikin sauri da durƙuso da miƙewa sau hamsin a jere. Ban da haka, ƙarshen damina lokacin zazzaɓin sauro ne, mutane da yawa na fitowa daga cikinta da ƙarancin jini ba su sani ba.

Mako takwas, ba kwana goma ba

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi hutun damina guda yana buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ya taka cikakken bale. Wanda ya yi shekaru, wata uku ba su yi masa yawa ba. A mako biyu na farko kwana uku a mako sun isa, da ranar hutu tsakanin kowane gwaji, kuma kada a wuce rabin awa zuwa minti 40. A maimaita takun rawa da rabin saurinsa, a gyara sahu, a tuna waƙa da motsin hannu. Babu tsalle, babu durƙuso har ƙasa, babu juyi bisa ƙafa guda. Ranakun hutu a yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri. Ma'aikacin da ya saba hawa babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar biro zai amfana idan ya aje shi kwana biyu a mako.

A mako na uku da na huɗu sai a tsawaita lokaci, a shigo da juyi, a fara ƙarfafa ƙafa da abubuwan da ba su buƙatar kuɗɗi. Mutum ya dafa bango ya ɗaga dunduniya ya sauke a hankali, da ƙafa biyu, daga baya da ƙafa guda. Ya zauna bisa kujera ya miƙe ba tare da dafa gwiwa ba. Ya tsaya bisa ƙafa ɗaya rabin minti, in ya iya sai ya rufe ido. Akwai awo mai sauƙi da masu gyaran gaɓoɓi ke aiki da shi: wanda bai iya ɗaga dunduniya bisa ƙafa guda kamar sau 20 a jere ba tare da zafi ba, lokacin tsallensa bai yi ba. A mako na biyar da na shida a fara ƙananan tsalle da ƙafa biyu, a sauka bisa gaban ƙafa, dunduniya ta biyo, gwiwa ta lanƙwasa tana kallon inda yatsu ke kallo. Mai saukar da ake jin ƙararta daga nesa bai iya sauka ba tukuna. Sai a mako biyu na ƙarshe ake haɗa bale daga farko har ƙarshe, da kayan ado, da cikakken kiɗa.

Ƙa'idar da ta tattara wannan duka ita ce a ƙara abu ɗaya a lokaci guda. Makon da aka ƙara tsawon gwaji kada a ƙara sauri. Makon da aka ƙara sauri kada a ƙara tsayin tsalle. Kuma kowace rana a fara da minti goma zuwa sha biyar na ɗumama jiki, da tafiya da sassarfa da juya gaɓoɓi, har gumi ya fara tsattsafowa. Miƙa jijiya da ƙarfi tun jiki na da sanyi ba ɗumamawa ba ce, wannan a bar shi sai ƙarshe. A safiyar Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Adar ke sa mutane jin wuta a ƙofar gida, ɗumamawar ta fi haka tsawo.

Daɓe, rana da ganga

Inda ake taka rawar ma abin dubawa ne. Manyan gidajen bale na duniya bisa katako mai ɗan lotsawa suke rawa, domin ya shanye wani abu daga nauyin sauka. Dandamalin siminti ba ya shanye komai, duka yake maido wa ƙwauri da gwiwa da baya. Ƴan kokowa sun daɗe da gane wannan. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya cinye, bisa rairayi ake karawa. Ga mai rawa, abin da ya fi shi ne ƙasa mai laushi wadda aka share, aka tsince tsakuwa da ƙaya, aka yayyafa mata ruwa. Ƙasar Buza da Keita mai duwatsu ce, dutse guda ƙarƙashin ƙura ya isa ya juya idon sawu. Rairayi mai zurfi shi ma yana gajiyar da agara, sai a shige shi sannu-sannu. Idan dole ne ranar buki a taka bisa siminti, a yi yawancin gwaji a ƙasa, a je dandamali sau biyu ko uku domin auna wuri.

Zafin Afirilu da Mayu a jihar Tawa yakan wuce digiri 40. Gwaji a irin wannan lokaci sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da randar ruwa a gefen fage, kowa ya sha ba sai ya roƙa ba. Fitsarin da ya yi duhu alamar ƙarancin ruwa ce. Cikin azumi a jinkirta gwaji sai bayan buɗa-baki da ɗan hutawa. Mai amosanin jini ya fi kowa buƙatar ruwa da hutu, domin ƙishirwa da gajiya da sanyi na tada masa ciwo. Mai asma ya kiyayi ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari.

Sai kuma makaɗi. Kowa ya san abin da kirari ke yi wa ɗan Adam. Makaɗi ya hango tsohon gwani ya shigo fage, ya sauya kiɗa ya kira sunan kakansa, mata su rangaɗa guɗa, wani attajiri ya taso ya manna masa takardar jikka a goshi. A wannan lokaci babu gwiwar da ake saurare. Shugaban ƙungiya mai hankali da makaɗa yake fara shawara, ya ce musu makonnin farko su riƙe hannu, su ja kiɗa a hankali, su aje kirari sai ranar buki. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, don haka mai riƙe da ganga yana riƙe da rabin lafiyar ƴan rawa.

Waɗanda ya kamata su fara ganin likita

Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko wanda ya yi ƙiba sosai, ya je a auna shi kafin ya shiga sahu. Awon jini minti biyar ne a gidan likita mafi kusa. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ya dakata sai ƙarfinsa ya komo. Wanda ke shan maganin Cipro, da ake yawan bayarwa domin zazzaɓin taifot, ya san cewa wannan magani da danginsa na iya raunana agara, sai ya bar tsalle ya nemi shawarar likita. Mai jego kuwa, gama wankan arba'in ba shi ne izinin tsalle ba. Ciki da haihuwa na sassauta jijiyoyin ƙugu da na mara, masana na ba da shawarar a jira kamar wata uku kafin gudu da tsalle, fiye da haka ga wadda aka yi wa tiyata. Idan tana jin nauyi a mara, ko fitsari na zubo mata wajen tsalle, ba abin kunya ba ne, abin kai wa ungozomar asibiti ne.

Jiki magayi. Tsamin jikin da ke zuwa washegari, ya tsananta kwana na biyu, ya wuce kafin kwana uku ko huɗu, wannan na kowa ne, tafiya a hankali ke warware shi. Wanda ba a wasa da shi shi ne zafi mai suka cikin gaɓa, da kumburi, da gwiwar da ke sarƙewa ko ke sakin mutum, da ɗingishin da ya kwana, da zafin da ya tsaya wuri guda bisa ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa yana ƙaruwa kullum, domin yana iya zama tsagewar ƙashi. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi daidaita, ko suma, waɗannan a tsaida komai a nufi asibiti nan take.

Babban abokin gaba a nan shi ne ƙwayar kashe zafi. Tramol da ƴan uwansa da ake saidawa bisa tebur da cikin tire ba su gyara jijiya, bakin jiki kawai suke rufewa. Mai rawa ya haɗiya, ya taka bisa targaɗe awa biyu, gari ya waye ƙaramin rauni ya zama babba. Tramol kuma yana kama mutum ya zame masa jaraba, kuma shansa da yawa na kawo farfaɗiya. Ƙungiyar da ke barin ƴan rawarta su sha domin su kai ranar buki tana cin bashin da matasan ne za su biya.

Idan abin ya faru

Wanda ya yi targaɗe ya fita fage nan take. A ɗaga ƙafar bisa matashi, a sa ƙanƙara cikin tsumma, ko tsumma mai ruwan randa, na minti 15 zuwa 20, a maimaita sau da dama a yini, a naɗe da bandeji ba tare da matsewa ba. A kwana biyu ko uku na farko a guji ja da murza da gashi da ruwan zafi, domin suna ƙara kumburi. Likitocin birnin Otawa na ƙasar Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda asibitocin duniya ke aiki da ita: wanda bai iya taku huɗu bisa ƙafar ba, ko wanda ke jin zafi idan aka danna ƙashin idon sawu kansa, yana buƙatar hoton ƙashi. Akwai asibitin gunduma a Madawa da Buza da Keita, akwai babban asibitin jiha a Tawa, ga kuma na Galmi bisa babbar hanya.

Mutane da yawa wurin maɗori suke fara zuwa, kuma maɗora na da daraja a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani, kuma agarar da ta tsinke ba ta ɗoruwa da kara. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, a kwance shi a take a tafi asibiti, domin jini ne ya tsaya, kuma ta haka ake rasa ƙafa. Bayan kumburi ya saɓe ma ba a gama ba. Idon sawun da ya taɓa targaɗe yana da saurin sakewa, sai an koma ga tsayuwa bisa ƙafa guda da ɗaga dunduniya na makonni kafin a sake tsalle.

Rabon ma'aikata da ƴan kasuwa

Yawancin gaggawar nan ba daga ƴan rawa take fitowa ba. Ranar buki sananniya ce tun farkon shekara, amma takardar gayyata da kuɗɗin shiri sai saura kwanaki kaɗan suke isowa, sa'annan a tsare matasa ana gwaji safe da dare domin a cike giɓi. Ma'aikacin da aka ɗora wa shirin buki zai yi babban alheri idan ya ƙirga mako takwas baya daga ranar, ya sanar da ƙungiyoyi tun lokacin, ko da kuɗɗi ba su fito ba, domin makonnin farko ba su cin komai sai fili da ganga guda. Idan kuwa baƙo ya zo ba shiri, a zaɓi bale mai sauƙin taku, a rage tsalle, a bar wanda bai shirya ba ya tsaya sahun masu amshi da tafi. Baƙo ba ya ƙirga tsalle, sahu mai kyau da kiɗa mai daɗi yake tafiya da su.

Ɗan kasuwar da ke son sunansa ya fito bakin makaɗa yana da hanyar da ta fi manna kuɗɗi a goshi. Amalanke biyu na ƙasa mai laushi domin gyaran fage, da randa da mai cika ta, da bandeji, da abincin da ke riƙe ciki bayan gwaji, da alkawarin biyan hoton ƙashi ga wanda ya ji rauni, duka ba su kai abin da ake watsarwa a dare guda ba. Shi kuma tsohon ɗan samariya da kiɗa ya motsa wa zuciya, ƙofa a buɗe take gare shi, rawa magani ce ga mai zaman biro da na rumfa idan aka shige ta da tsari. Ƙungiyoyi na buƙatarsa ƙwarai, domin takun da ke kansa ba a rubuta shi cikin littafi ba, kuma matasa ba su da wurin koyo sai wurinsa. Ya koyar, ya gyara sahu, ya ja gaba a rawa mai nauyi, ya bar tsallen sama ga masu shekara ashirin har sai ƙafarsa ta ba shi izini.

Itatuwan dogon yaro da aka fara jerawa a kwarin Majiya ta Buza a 1975 domin tare iska sun ɗauki shekaru kafin su yi wa gonaki inuwa da kariya, kuma manoman wurin sun jira. Mako takwas ba su kai haka ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kai kowa ranar buki da ƙafafunsa biyu, ya maida shi gona da kasuwa da biro lafiya. Amin.